Tambaya da Amsa: Minti nawa mutum zai iya yi cikin kayan kariya kafin zafi ya kayar da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ne ke kula da yaran da ke wanke tankunan sinadarai a wurin aikinmu, kuma dole ne sai sun saka rigar nan ta roba mai haɗe da wando da hula, ga safar hannu ga takunkumi ga takalmin roba. Abin da ke damuna shi ne ko ranar da garin ba wani zafi sosai, ma'auni na nuna 27 ko 28, sai ka ga yaro ko awa ɗaya bai yi ba ya fito yana layi kamar zai faɗi. Wasu na cewa ragwanci ne kawai. Shin akwai yadda zan lissafa tun kafin su shiga, in san minti nawa ya kamata su yi? Daga mai kula da ma'aikata.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, na gode. Da farko dai don Allah a daina kiran abin nan ragwanci, don wannan kalmar ce ke sa yaro ya ji jiri ya yi shiru ya ci gaba da aiki har sai an ɗauko shi ranga-ranga.

Wancan 27 ɗin da kake gani a bango zafin iskar waje ne, shi kuma yaronka ba a waje yake ba, yana cikin riga. Jikin mutum ko a zaune yake yana samar da zafi kusan wat 100, in yana aiki matsakaici ya kai wajen 300, in aikin ƙarfi ne kamar goge tanki da hawa tsani da jan tiyo to 400 ne zuwa sama, domin cikin kashi 100 na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa da ƙyar kashi 20 zuwa 25 ke tafiya ga aikin, sauran duk zafi ne kuma dole ya fita. Babbar ƙofar fitarsa ita ce zufa, amma fa zufar da ta bushe a kan fata. Lita ɗaya in ta bushe tana tafiya da zafi kusan kilokalori 580, wadda kuwa ta gangara ta taru a takalmi asarar ruwa ce kawai, ba ta sanyaya komai ba. Kamar jiƙaƙƙen wanki ne ka ƙulle a leda, ko a rana ka ajiye shi ba zai bushe ba. Cikin 'yan mintuna 'yar iskar da ke tsakanin fata da rigar roba ta cika da laima, ɗuminta ya kamo na fata, daga nan jiki ya yi ta zuba zufa a banza. Kai kanka ka sha gani, yaro ya cire safar hannu ruwa ya tsiyayo, yatsu sun yi fari sun yamutse, ya tuɓe takalmi ya juye shi zufa ta zubo.

Toh ga lissafi na kan takarda don ka ga girman abin. Kowane kilo na jikin mutum yana buƙatar kusan kilojul 3.5 kafin ya ƙaru da digiri ɗaya, kenan mai kilo 70 yana buƙatar 245. In yana samar da wat 300, wato kilojul 18 duk minti, kuma babu abin da ke fita sam, cikin minti 14 zafin jikinsa ya hau da digiri ɗaya. A zahiri wani abu yana fita ta numfashi da ta jikin rigar, to mu ce rabi ya fita, ka ga ya zama kusan rabin awa. Zafin cikin jiki na lafiya kusan 37 ne, kuma tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ya wuce 38 a aiki mai tsawo. Ka ga digiri ɗaya tal ke gare ka, shi ya sa yaron da ya yi awa guda a ciki ni a wurina ya ma yi ƙoƙari ya wuce kima.

Yanzu maganar hasashe. Abin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne ma'aunin WBGT, wanda Yaglou da Minard suka fito da shi a shekarun 1950 saboda kuratan sojan ruwan Amurka da zafi ke kayarwa a sansanonin horo. Ma'aunai uku ne a haɗe, ɗaya an naɗe kansa da jiƙaƙƙen ƙyalle shi ke nuna yadda zufa za ta iya bushewa, ɗaya yana cikin baƙar ƙwallo shi ke kama zafin rana da na injuna, na ukun na iska ne zalla. A rana ana ɗaukar kashi 70 na mai ƙyalle, 20 na ƙwallo, 10 na iska. Sai dai teburin da ke tare da shi, wanda ke nuna iyakar WBGT ɗin da za a iya aiki a cikinsa, an gina shi ne a kan mai sanye da riga da wando na aiki na yau da kullum, don haka ƙungiyar masana lafiyar ma'aikata ta Amurka, ACGIH, da ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 7243 suka ce a ƙara lamba gwargwadon tufafi. Rigar aiki ta yadi ba a ƙara komai, yadi ninki biyu a ƙara 3, ita kuwa irin taku wadda tururi ba ya ratsawa digiri 11 ACGIH ta ce a ƙara. Ka duba, in WBGT ya nuna 24, wanda kowa zai ce rana ce mai daɗi, ga yaranka 35 ne. A teburin kuwa wanda ya saba da zafi yana aiki matsakaici ba tsayawa iyakarsa 28, ko da kwata ɗaya na awa zai yi aiki ya huta sauran iyakar 31.5 ce. Wato 35 ya fita daga teburin gaba ɗaya, kuma ma'anar hakan ita ce tebur ba zai ba ka mintuna ba, sai ka koma duba jikin mutanen.

Akwai lissafin da ya fi wannan zurfi. ISO 7933, wanda ake kira PHS, ana zuba masa zafin iska da laima da gudun iska da nauyin aiki da kaurin tufafi, ya yi ta lissafi minti bayan minti ya faɗa maka lokacin da zafin ciki zai kai 38 ko ruwan jiki zai ragu da kashi 5 na nauyin mutum. Yana da kyau ƙwarai, amma an gwada shi ne da tufafin da kaurinsu bai wuce clo 1 ba, clo ɗin nan shi ne awon ɗumin tufafi kuma 1 ya yi daidai da cikakken kwat da wando, ba a yi shi don rigar roba ba. Ina jaddada wannan ne saboda akwai manhajojin waya da aka gina a kansa, mutum ya danna ya ga an ba shi awa uku ya saki jiki. Waɗanda suka fi ba kayan kariya muhimmanci sojoji ne saboda rigunan kariya daga makamai masu guba. A cibiyar binciken sojan Amurka ta USARIEM da ke Natick, Givoni da Goldman sun wallafa lissafin hasashen zafin cikin jiki a 1972, kuma a irin wuraren nan ana saka wa mutum-mutumi mai ɗumi wanda ke fitar da zufa rigar, a auna abu biyu, yadda take riƙe zafi da yadda take barin tururi ya fita. Waɗannan lambobin biyu su ne jigon duk wani hasashe, kuma kana da haƙƙin ka tambayi mai kawo muku kaya ko yana da su.

Wani abu da binciken McLellan da abokan aikinsa a Toronto ta Kanada ya nuna zai yi maka amfani sosai. In aikin ya yi nauyi a cikin irin rigar nan, yanayin waje kusan ba ya canja komai, ko da sanyi-sanyi ko da zafi lokacin da mutum zai jure gajere ne, saboda zafin daga ciki yake fitowa. In aikin mara nauyi ne a nan ne yanayin waje ke tasiri. Saboda haka abin da ya fi komai ƙara musu lokaci shi ne rage nauyin aikin, a kawo tiyo da kayan aiki bakin tanki kafin a saka riga, a bar injin ya yi abin da injin zai iya, mutum biyu su raba abin da ɗaya ke yi, kuma a daina gaggawa.

Abin da za ka fara gobe ba sai ka sayi komai ba. Littafin jagora na aikin sharar guba da NIOSH, cibiyar binciken lafiya da kariyar ma'aikata ta Amurka, da wasu hukumomin ƙasar uku suka fitar a 1985 ya ce masu irin rigar nan a fara sa musu ido tun zafin iska na digiri 21. Ka fara da zango gajere, ni dai zan ce minti 20 zuwa 30, da zarar yaro ya fito ya zauna ka kama wuyan hannunsa ka ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. In ya wuce 110 a rage zango na gaba da kashi ɗaya cikin uku, hutun ya zauna yadda yake, in ya sake wucewa a sake ragewa. Ka riƙa rubutawa a littafi da sunan kowa, cikin sati biyu za ka san yaranka fiye da yadda kowace manhaja za ta san su.

TAMBAYA: Malam ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin killace masu cuta mai yaɗuwa. Na saba da zafi tun tasowata, amma in na saka cikakkun kayan kariya minti 40 sai kaina ya fara sarawa tabarau ya yi hazo, alhali abokiyar aikina tana wuce awa ɗaya ba ta ce komai ba. Ko dai ni ce ba ni da lafiya? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

AMSA: Malama sannu da aiki, Allah ya saka da alheri. Minti 40 ɗin nan naki ba abin mamaki ba ne ko kaɗan. Lokacin annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016 a Gini da Laberiya da Saliyo, ma'aikatan lafiya da yawa minti 40 zuwa awa ɗaya kawai suke iya yi a cikin kayan su fito, kuma mutane ne ƙwararru masu himma.

Sabo da zafi gaskiya ne, cikin kwana 7 zuwa 14 na aiki a zafi jiki yana koyon fara zufa da wuri, ya zuba da yawa, ya rage gishirin da ke fita, ruwan jini ya ƙaru. Amma kin ga mafi yawan ribar nan ta zufa ce, to in rigar ta hana zufar bushewa sai ribar ta ragu sosai, har ma wadda ta saba ɗin takan fi saurin rasa ruwa don ta fi zubarwa. Shi ya sa sabonki bai cece ki ba.

Bambancinki da abokiyarki kuma abubuwa da yawa ke kawo shi. Mai motsa jiki a kai a kai zuciyarta ta fi ƙarfin tura jini zuwa fata da tsoka lokaci guda, kuma an ga masu irin wannan ƙarfin suna jure zafin ciki mafi yawa kafin su gaza. Kitse yana tasiri, girman jiki yana tasiri, haka ma da wane zafi kika shiga, domin wadda ta shiga da 37.4 ta riga ta cinye kusan rabin tazararta tun kafin ta ja zif. Rashin barci, zazzaɓi ko gudawa a kwanakin baya, duk suna rage lokaci, kuma a rabi na biyu na zagayen al'ada bayan fitar ƙwai zafin jikin mace yakan ɗan hau da kusan 0.3 zuwa 0.5. Akwai magunguna ma, masu sa fitsari da wasu na hawan jini da na mura masu sa barci, in kina shan wani ki gaya wa likitan wurin aikinku, haka in akwai juna biyu. Duk lissafin hasashen da ake yi na matsakaicin mutum ne, babu wanda ya san daren jiya ba ki runtsa ba.

Abu ɗaya da nake roƙonki da ke da abokan aikinki, kada ku ƙi shan ruwa don gudun fita fitsari. Na san wahalar cire kaya da sake sakawa, amma shiga da ƙishi yana sa zuciya ta fi bugu kuma zafi ya fi saurin hawa. Ki sha kafin ki shiga, ki zaga, sannan ki saka kaya. In kina son sanin abin da kike rasawa ki hau sikeli kafin da bayan aiki, kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ne, in ragin ya wuce kashi 1.5 na nauyinki to shan ruwanki bai isa ba. Kuma kada a wuce gona da iri, NIOSH ta ce kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, kada a haura kusan lita ɗaya da rabi a awa, don ruwa zalla in ya yi yawa yana tsinka gishirin jini.

Sannan lokacin tuɓe kaya a saka shi cikin lissafi. A aikinku wannan ne wurin da ya fi haɗari, ana cire abu ɗaya bayan ɗaya ana wanke hannu tsakani, to in kin jira sai kin galabaita sannan kika nufi ƙofa, hannu na rawa ido na ganin biyu-biyu, a nan ne ake taɓa fuska da gurɓatacciyar safa. Ki fito tun da sauran ƙarfinki, kuma kada ki gwada kanki da kowa. In ciwon kan yana zuwa ko ba kya cikin kayan, ko ana haɗawa da bugun ƙirji ko suma, wannan kam sai an duba ki.

TAMBAYA: Agogon hannu mai auna bugun zuciya da ma'aunin nan da ake haskawa a goshi, za su iya gaya min zafi ya yi wa mutum yawa?

AMSA: Na goshi dai a'a, fatar goshi mai zufa ba ta nuna abin da ke ciki, mutum na iya kai 40 ya nuna maka 36 da ɗoriya. Na baki ma in an sha ruwan sanyi ko ana haki yakan yi ƙasa. Masu bincike ta dubura suke aunawa ko da wata 'yar ƙwaya da ake haɗiyewa tana aiko da awo. Bugun zuciya kuwa yana da amfani sosai, har Moran da abokansa suka haɗa shi da zafin ciki a 1998 suka yi ma'aunin wahalar jiki daga 0 zuwa 10, kuma yanzu akwai lissafin da ke ƙiyasta zafin ciki daga bugun zuciya kaɗai, ƙiyasi ne dai. Ƙa'idar ACGIH mai sauƙi ce, ka cire shekarunka daga 180, in bugun ya zauna sama da haka na wasu mintuna a tsaya, ɗan shekara 40 kenan 140, haka in minti ɗaya bayan aikin ƙarfi bai sauko ƙasa da 120 ba. Ɗamarar ƙirji ta fi agogo daidai in hannu ya jiƙe, kuma mai shan maganin da ke rage bugun zuciya wannan awon ba zai yi masa aiki ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan kwana-kwana ne. In mun fito daga wuta mukan zauna a inuwa minti goma da kayanmu a jiki mu sha ruwa mu koma. Wannan hutun ya isa? Kuma in wani ya faɗi me za mu fara yi?

AMSA: Yallaɓai Allah ya tsare ku. Gaskiya bai isa ba. In ka zauna da jaket a rufe jikinka na ci gaba da samar da zafi kuma ƙofar fita na nan a toshe, har ma zafin ciki yakan ci gaba da hawa na wasu mintuna bayan an daina aiki, saboda jini na kwaso zafin da ya taru a tsoka. Bugun zuciya zai sauka ka ji kamar ka dawo daidai, amma zafin na nan, sai ka shiga zango na biyu daga sama, shi ya sa na biyu ya fi na farko saurin kayar da mutum. Hutu yana farawa ne daga lokacin da ka ajiye tukunyar iska, ka cire hular kwano da safa da jaket, ka buɗe wando ka sauke shi zuwa gwiwa.

Hanya mafi sauƙi da aka gwada a kan 'yan kwana-kwana ita ce tsoma hannu har gwiwar hannu cikin bokitin ruwa mai sanyin digiri 10 zuwa 20 na minti 10 zuwa 20. Jinin da ke zagayawa a hannu ya yi sanyi ya koma ciki. Fanka tana taimakawa in an tuɓe, in ba a tuɓe ba robar waje kawai take hurawa. Rigar ƙanƙara da ake sakawa a ciki ita ma tana aiki, sai dai tana ƙara nauyi a kan kilo 20 da wani abu da kuke ɗauke da shi, kuma da ta narke ta zama ƙarin bargo.

Wanda ya faɗi kuma, abin da za ka duba shi ne hankalinsa. In ya galabaita ne amma ya san inda yake yana amsa magana daidai, a tuɓe shi a kwantar a ɗaga ƙafafu a ba shi ruwa a sanyaya shi, kuma ya gama aiki na ranar. In kuwa yana sambatu, ko ya rikice, ko ya hau faɗa ba dalili, ko yana tangaɗi, ko ya suma, ku ɗauka bugun zafi ne, zafin ciki ya haura 40. Kada ku ce ai yana zufa don haka da sauƙi, wanda aiki ya jawo wa bugun zafi yawanci jiƙe yake sharkaf. A kira motar asibiti amma kada a tsaya jiranta, a yanke kayan in sun ƙi fita, a tsoma shi cikin ruwan sanyi har wuya wani na riƙe da kansa, in babu baho a shimfiɗa tamfol a kwantar da shi a ɗaga gefuna a zuba ruwa da ƙanƙara ana girgizawa. Abin da ake nema shi ne zafin ya sauko ƙasa da 39 cikin minti 30 na farko. Kada a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa, kada a ba shi farasitamol don ba zazzaɓi ba ne kuma hantarsa na cikin wahala, in ya yi amai a juya shi gefe. Ga masu aikin sinadarai a wanke rigar da sauri kafin a yanke ta, masu taimakon su ma da safa a hannu. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke sai an kai shi asibiti an duba ƙoda da hanta, kuma ba zai koma cikin kayan ba sai likita ya sa hannu.